Kwali, Injiniya da Haruffan Kan Takarda

A Talata Mafara, duk takardar karatu kwali ce. Difilomar da ɗalibi ya karɓa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau kwali ce, haka ma takardar da wata cibiyar koyon kwamfuta ta buga masa bayan wata uku. Wanda ya iya kwance kwamfuta ya sauya mata batir kuwa, tuni 'yan unguwa sun naɗa shi injiniya. Ba na ƙyashin wannan girmamawa, amma kalmomin nan biyu suna ɓoye wa matashin Bakura ko Maradun bambancin da zai ci kuɗinsa da shekarunsa.

Sunan satifiket yakan fara ne da wanda ya tsaya masa. Misali, harafin farko na takardar CCNA na nufin Cisco, kamfanin Amurka da aka kafa a 1984, wanda ya gutsuro sunansa daga birnin San Faransisko. Mai wannan takarda ya nuna ya iya saita na'urorin da ke haɗa kwamfutoci, kuma da na Cisco aka gwada shi. CompTIA kuwa ta fara ne a 1982 a matsayin ƙungiyar masu harkar kwamfuta, ba ta ƙera na'ura, shi ya sa takardunta ba su ɗaure da kamfani ɗaya ba: A+, wadda ta fito a 1993, ta mai gyara ce, Network+ ta mai haɗa hanyoyi, Server+ ta mai kula da saba.

Nan ne kunnen Bahaushe ke iya yaudararsa. Sabis muka sani, wanda aka katse a faɗin Zamfara a Satumbar 2021 har sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira gida. Saba daban ce: babbar kwamfuta ce da ke ajiye bayanan banki, asibiti ko jami'a, tana amsa wa sauran kwamfutoci dare da rana. Mai son wannan aiki ya nemi ilimin manhajar Linux, ya kuma san RHCSA ta kamfanin Red Hat, jarrabawar da babu canki-canka a cikinta, gaban na'ura ake zaunar da kai ka yi aikin.

Suna kuma yana mutuwa. Takardar MCSE ta daɗe tana tashe, amma kamfanin Microsoft mai ba da ita ya janye ta a Janairun 2021, don haka duk wanda ya yi maka tallarta yau, tsohon zance yake sayar maka. CCNA da A+ ma shekara uku suke yi, sai a sabunta.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ke cewa mutum ya halarci darasin CCNA. Shaidar zama a aji ce kawai. Ta ainihi sai an biya kuɗin jarrabawa, an rubuta ta ƙarƙashin sa-idon kamfanin Pearson VUE, kuma mai ɗaukar aiki zai iya tantance ta a intanet.