Mataimakin da Aikin Gashin Ƙashi Ya Bari a Baya

Aikin gashin ƙashi na asibiti da mataimaka ya fara a Najeriya. A 1945 wasu Turawan Ingila biyu, Manfield da Williams, suka kama aiki a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, suka buɗe horon shekara uku don yaye mataimaka. Hannun waɗannan ne ya riƙe sana'ar kafin a kafa ƙungiyarmu ta masu gashin ƙashi a 1959, kafin Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a 1966. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar da ke yi mana rajista da ba da lasisi. Kowane mataki daraja ya ƙara mana, ba musu. Sai dai garin neman a jera mu da likitoci, muka mai da hankali kacokan kan digiri, muka bar matsayin mataimaki ya kwanta.

A jiha irin Kebbi ne ake ganin abin da wannan ya haifar. Ƙwararrun sun taru a manyan asibitocin Birnin Kebbi, irin su Asibitin Sir Yahaya, da kuma babban asibitin jiha na Kalgo. Magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye a wani ƙauyen Gwandu kuwa, ba ganin ƙwararre sau ɗaya a wata ne zai tashe shi ba. Yana bukatar mai juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, mai tallafe kafaɗar da ta mutu da matashi, mai lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu kullum kafin su sandare. Idan babu wanda aka koya wa, matarsa za ta ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye, kafaɗar ta goce. Ko kuma a gasa masa ƙafa da tsumma da ruwan zafi, fatar ta sale bai ji ba, don jin ya riga ya ɗauke. Wannan shi ne aikin mataimaki: ba ya gano cuta, ba ya sauya tsari, yana aiwatar da abin da mai lasisi ya rubuta, ya kuma kai rahoto in ya ga kumburi ko sabon ciwo.

Abokan aikinmu da yawa suna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wanda aka horar rabi gobe zai kafa allo ya kira kansa likita. Tsoron yana da tushe. Amma gurbin ai ba a buɗe yake ba, maɗora da masu tausa sun daɗe da cike shi, ba kuma wanda yake duba aikinsu. Wasu maɗoran sun iya ɗori, amma ɗaurin da ya matse ya sha jawo a yanke hannun yaro. Ƙasar nan kuma ta yarda ma'aikatan lafiya na matakin farko su yi allurar rigakafi a ƙauye, kuma da irin ƙafafunsu aka kai ga shelar kawar da shan inna a 2020. Waɗanda cutar ta riga ta naƙasa suna nan, suna bukatar mai duba sandunansu da takalman ƙarfe.

Don haka iyalin da ke neman mataimaki a Gwandu ko Kalgo su fara daga sashen gashin ƙashi na asibitin da ya sallami majinyacinsu, su tambayi wanda aka haɗa su da shi sunan ƙwararren da yake aiki a ƙarƙashinsa. Wanda ya kasa faɗa, kada a miƙa masa majinyaci.