Mangalar taki da buhun supa a gonakin Kano

Tun kafin takin zamani ya iso Kano, jakuna ne ke riƙe da gonakin da suka kewaye birnin. Da rani sai su shigo da itace da kara, su fita da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar gida. Can nesa da gari kuwa, manomi yakan roƙi Bafulatani ya kwana da shanunsa a gonar bayan girbi, ya sallame shi da damin gero. Michael Mortimore, da ya nazarci yankin a shekarun 1960, ya tarar ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, kuma ba ta mutu ba.

A ganina, babbar dukiyar da ke cikin mangalar nan ita ce fosfaros. Ƙasar gonakinmu ba ta da shi da yawa, ga shi da wuyar sha'ani. Ba ya bin ruwa kamar yuriya. Inda aka zuba shi nan yake tsayawa. A jar ƙasa kuma, sinadaran ƙarfe da na alminiyam sukan cafke shi, saiwa na dab da shi amma ba ta samu. Taki idan ya ruɓe yakan saki nasa sannu a hankali, ruɓaɓɓen kuma ya tare gurbin da ƙasa ke cafke fosfaros ɗin, sai shuka ta sami rabo.

Supa, wato takin zamani na fosfaros, daga Ingila ta samo asali, inda John Bennet Lawes ya yi rajistar haɗa ta a 1842. A nan gida gyaɗa ce ta karɓe ta hannu bibbiyu, don ban da fosfaros akwai farar wuta a cikinta, har aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1976. Ta yi amfani, ban musa ba. Amma gwajin da aka soma a Samaru ta Zariya tun 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a fili ɗaya, ya nuna inda aka daɗe ana zuba takin naitirojin zalla ƙasar ta yi tsami, inda aka haɗa shi da kashin shanu kuwa ta riƙe ƙarfinta.

Abin da ke damuna yau shi ne bolar birnin kanta. Har yanzu manoma na sayen ta, a mota ake kai musu, sai dai leda da kwalba da tsohon batir sun cika ta, sai an zauna an tsince kafin a watsa a gona.