Niles: Ƙaramin Garin da Ke Cin Gajiyar Fim Marar Magana

Niles ƙaramin gari ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, gabas da mashigin tekun San Faransisko, daidai inda rafin Alameda ya fito daga kwazazzabo tsakanin tuddai ya faɗa fili. A hukumance unguwa ce kawai, domin tun 1956 aka haɗe shi da Centerville da Irvington da Mission San Jose da Warm Springs aka yi birnin Fremont. Amma mutanen wurin ba su saki sunansu ba. Yana nan rangaɗau da manyan fararen haruffa a jikin tudun da ke bayan gari.

Ruwa ne ya fara tara jama'a. Tun ƙasar tana hannun Meziko, José de Jesús Vallejo, mai gonaki da garken shanu, ya kafa injin niƙan alkama da ruwan rafin ke juyawa, aka riƙa kiran wurin Vallejo Mills. A 1869 layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma ya biyo ta kwazazzabon, aka kafa tasha da sunan Addison Niles, lauyan da daga baya ya zama alƙali a kotun ƙolin jihar. Tasha ta jawo masauki, masauki ya jawo maƙeri da mahauci da mai aski da mai kantin kayan masarufi. Shagunan suka jeru a gefe ɗaya na babban titi suna fuskantar dogo, kuma har gobe haka fasalin garin yake. A 1884 kamfanin California Nursery ya buɗe gonar renon dashen itatuwa mai faɗin ɗaruruwan eka, ya zama babbar hanyar cin abincin mutanen yankin.

Haka garin yake, shiru-shiru, har watan Afrilun 1912, lokacin da Gilbert M. Anderson ya sauka da ayarin mutum hamsin da 'yan kai. Shi ne Broncho Billy, tauraron farko na fim ɗin kaboyi, kuma shi da George K. Spoor suka kafa kamfanin Essanay a Shikago a 1907. Sanyi da hazon Shikago ba sa barin aiki ya tafi, don a wancan zamani hasken rana ne jarin mai ɗaukar fim. A Niles ya tarar da duk abin da yake nema: rana, tuddai, rafi, jirgin ƙasa, da kwazazzabon da za a yi sukuwa a cikinsa. Suka fara aiki a wata tsohuwar rumfar dabbobi, sannan a 1913 suka gina ɗakin shirya fim sosai, da jerin ƙananan gidaje na 'yan wasa.

Aikin da sauri ake yin sa. Mai ɗauka yana murɗa hannun kyamara, darakta yana ta kwarara umarni ana cikin ɗauka, tunda ba murya ake naɗa ba. Yawanci fim ɗaya naɗi ɗaya ne, bai cika wuce minti goma sha biyar ba. Abin da ido ba zai gane ba sai a rubuta a allo a saƙa tsakanin hotuna, sauran kuwa fuska da hannu da tafiya su faɗa. Cikin shekara huɗu aka shirya fim fiye da 350 a garin. Kowanne yana buƙatar kafinta da mai fenti da tela da mai kula da dawaki, ga bakunan da za a ciyar safe da yamma. Kuɗin fim ya shiga aljihun masu shago.

A ƙarshen 1914 Essanay ta ɗauki Charlie Chaplin a kan dala 1,250 a mako. Fim ɗaya ya yi a Shikago, ya taho Niles a farkon 1915, ya yi biyar. A nan ya fara aiki da Edna Purviance, wadda ta daɗe tana fitowa tare da shi. Na ƙarshen fina-finan biyar ɗin, The Tramp, shi ne ya sauya masa hanya. Kafin nan ɗan yawon da Chaplin ke fitowa a matsayinsa, mai guntun gashin baki da ƙaton takalmi, abin dariya ne kawai. A wannan fim ya so yarinya, ya rasa ta, ya juya baya ya kama hanyar kwazazzabon Niles shi kaɗai, ya girgiza jiki ya ci gaba da tafiya. Masu kallo suka yi dariya, suka kuma ji tausayi.

Garin ya yi wa Chaplin kaɗan. Ya koma Los Anjeles, daga baya kamfanin Mutual ya ɗauke shi da kuɗin da Essanay ba ta iya biya. Kasuwa ma ta juya, jama'a sun fara son dogon fim. A Fabrairun 1916 aka rufe ɗakin shirya fim na Niles, a 1933 aka rushe shi.

Gaba ta kai ni, gobarar Titi. Da harkar fim ta zauna, da an daɗe da share tsofaffin shagunan an dasa benaye. Da ta tafi, sai titin ya tsaya kusan yadda yake, kuma wannan tsufan shi ne hajar garin a yau. Yawancin shagunan na kayan da ne: agogon bango, tangaran, faifan garmaho, fitilar kananzir, kujerun katako, ga gidajen shayi da na abinci a tsakaninsu. Duk watan Agusta ana cin babbar kasuwar tsofaffin kaya a kan titi. Tsohon dogo kuma 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, suna ɗaukar masu yawon buɗe ido tsakanin Niles da Sunol.

Cibiyar abin ita ce silimar Edison, ginin 1913, wadda yanzu ta zama gidan tarihin fim marar magana. Ɗakin majiginta lulluɓe yake da kwano daga ciki, saboda zaren fim na wancan zamani ɗan zafi kaɗan ke sa shi kamawa da wuta. Daren Asabar ana haska tsofaffin fina-finai, mai fiyano na zaune gaban allo yana bin labari da yatsunsa: in doki ya zabura ya zabura, in yarinya ta sunkuyar da kai ya sassauta.

Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finai marasa magana na ƙasar sun salwanta gaba ɗaya. Shi ya sa mutanen Niles ba sa wasa da abin da ya rage a hannunsu. Fim ɗin da ake haskawa yana rayuwa, wanda ya zo kallonsa kuma ba ya barin gari bai leƙa shago ba.