Haƙora 41 da haƙora 10: a-kori-kura da lissafin kuɗin mai

Masu ƙorafin data ba ta isarsu sauraron sauti, ga rubutaccen shirin wannan makon.

Kawuna yana da wata tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura. Tun ina firamare yake ɗauko masara da dawa da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sai ya ce in raka shi wurin bakanikensa. Wai ya ji ana canza haƙoran aksil na baya mota ta rage shan mai. Bakaniken ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, zan nema maka in an samu. Amma ranar da ka yi lodi ka zo hawan tudu ta tsaya tana kuka, don Allah kada ka zage ni."

A lokacin ban gane ba. Daga baya da na bi diddigi sai na tarar Amurkawa sun shafe shekara fiye da ɗari suna wannan gardamar ta kawu da bakanikensa.

Inji yana juya farfela, wato doguwar sandar nan da ke ƙarƙashin mota. A ƙarshenta akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya wani babban faifai mai haƙora a cikin aksil, shi kuma ya juya tayoyi. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan kuma 43 da 13 ne, sau 3.31 kawai. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san abin a ƙafarsa: a kan tudu kana ta juya feda da sauri, keken na tafiyar hawainiya, amma yana hawa. Mai 4.10 ta fi mai 3.31 ƙarfin ja da kusan kashi 24 cikin ɗari. Amma a gudu iri ɗaya a kan titi, injinta ma yana juyawa fiye da na waccan da kashi 24 ɗin, yana ta zuƙar mai ko da babu komai a bayanta.

Henry Ford ya ci karo da wannan tun 1917. Motarsa Model T ƙarfin doki 20 gare ta, aksil ɗinta 3.63. Da manoma da 'yan kasuwa suka matsa suna son ta ɗaukar kaya, bai ƙera sabon inji ba. Ya fito da Model TT, inji ɗaya, ya sa mata aksil mai wajen 7.25. Sai ga ta tana ɗaukar tan guda, amma gudunta wajen kilomita 24 ne a awa. Mai keke mai zuciya zai iya yi mata rakiya. A 1925 Ford ya fara sayar da Model T mai buɗaɗɗen baya kai tsaye daga masana'anta, kakar a-kori-kurar Amurka ke nan.

Daga nan har shekara kusan hamsin, babu wanda ya damu sosai. Mai yana araha kamar ruwan rijiya. Manomin Amurka yana son mota mai ja, sai a ba shi aksil mai lamba 4 da wani abu, da giya ta ɗaya mai tafiyar tsohuwa, har suna kiranta giyar kaka.

Sai Oktoban 1973. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka saboda goyon bayan da take ba Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Amurkawa suka ga dogon layi a gidajen mai, abin da mu mun saba da shi kamar layin awo. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta taƙaita gudu a mil 55, kusan kilomita 89 a awa. A 1975 majalisarsu ta yi dokar da ta fi wannan nauyi: aka ɗora wa kamfanonin ƙera motoci wajibcin rage shan man motocinsu, ko su biya tara. Ƙananan motoci suka shiga daga samfurin 1978, a-kori-kura daga 1979.

Hanya mafi sauƙi ga injiniyoyi ita ce wadda kawu ya nema. Suka koma aksil, suka sauke lambar, har aka riƙa sayar da a-kori-kura mai ƙasa da 3. A takarda ta yi kyau. A gona kuwa, ka ɗaura mata tirela ta shanu, ka taka totur har ƙasa, ta tsaya tana nishi. Kuma a nan ne maganar bakanike ta fito: idan kaya ya yi nauyi, direba yana komawa giya ta biyu da ta uku, kuloci yana ƙonewa, inji yana zafi, man da aka ce an rage yana tafiya ta wata ƙofar.

Kada ku ɗauka kamfanonin nan salihai ne fa. Dokar ta yi wa a-kori-kura sassauci fiye da ƙananan motoci, sai suka gane inda kasuwa take. Ford F-150 da ta fito a 1975 an ɗaga nauyin da aka rubuta mata ne ya haura ma'aunin da dokar hayaƙi ta tsananta a kai. Tun farkon shekarun 1980 jerin F ɗin nan ne ya fi kowace mota kasuwa a Amurka, har wanda bai taɓa ɗaukar buhu ɗaya ba yana zuwa ofis da ita. Wannan wani shirin ne daban.

Mafitar da ta yi aiki ta fito ne daga giyabos. Aka ƙara giya ta sama wadda farfela ke juyawa fiye da inji, ni ina kiranta giyar hutu. Ka bar aksil mai ƙarfi don tashi da kaya, idan ka hau shimfiɗaɗɗen titi ka jefa giyar hutu inji ya sarara. Daga giya uku da huɗu aka koma biyar, shida, har F-150 ta 2017 ta zo da giya 10, wadda Ford da General Motors suka haɗu suka tsara. Duk da haka har yau mai saye a can yana zaɓa: 3.31, 3.55 ko 3.73, gwargwadon abin da zai ja.

To mu muna ina lokacin? Rikicin da ya sa Amurkawa kuka shi ya cika mana baitulmali. Aka yi Udoji a 1974, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, 404 da 504 suka cika tashoshi. Mai yana araha, babu wanda ya tambayi lita nawa take sha zuwa Funtua. Lissafin da suka yi a 1973 mu sai a 2023 ya iso mu, kuma ya same mu da motoci masu giya huɗu. Su gwamnati ta matsa wa masu ƙera mota. Mu direba aka bari da kansa, shi kuma ya ɗora a kan buhu, mai sayen kwano ya biya. Shi ya sa nake ce wa abokan gwagwarmaya, idan za mu yi maganar tsadar abinci mu riƙa leƙa ƙarƙashin motar da ta kawo shi. Ko maganar komawa iskar gas ta CNG da ake ta yi, a tambayi direban a-kori-kura: injin fetur da aka juya yana ɗan rasa ƙarfi, tukunyar tana da nauyi, kuma wurin buhu take cinyewa.

Kawu dai bai canza aksil ba. Da muka zauna da biro da takarda, sai muka ga matsalarsa rabin tafiyar ce: yana zuwa ƙauye wayam, inji na ta ihu a giya ta huɗu, ya dawo da lodi. Na ce, "Kawu, me zai hana ka tafi da kaya?" Yanzu yana ɗaukar wa masu shagunan ƙauye gishiri da sabulu da katan na taliya a tafiya, ya dawo da hatsi. Ya kuma cire manyan tayoyin da wani ya ba shi shawara ya sa, don taya mai girma ma tana sauke lambar nan, tana cin ƙarfin ja, shi bai sani ba.

Direbobi da ke cikinmu, wanda ya taɓa canza aksil ko girman taya ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.