Kukan 'Yan Gabas Da Akwatin Zaɓe

Jama'a, akwai wani kuka da ya daɗe a ƙasarmu. Tun 1926, da Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, mutanen gabas ke cewa: mu ke noma gyaɗa, mu ke biyan haraji, amma lakwal da aikin gwamnati suna yamma. Kukan nan da gaskiyarsa. To, amma ku duba yadda ya shiga siyasa.

A 1958 Faransa ta yi tambaya: za ku zauna tare da mu, ko a'a? Jam'iyyar Sawaba ta ce a'a. Talakawa da 'yan kasuwa da yawa na ƙasar Hausa suna bayanta. Amma shugabanta, Jibo Bakari, Bazabarme ne, kamar abokin hamayyarsa Jori Hamani na RDA. Masu "i" suka rinjaya. A 1959 aka hana Sawaba.

Da aka rufe musu baki, sai waɗansu suka ɗauki bindiga. Cikin Oktoba 1964 suka shigo ta iyaka. A nan ƙasar Ƙonni aka kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Danduna Abubakar. Bayan haka aka yi ta kame. Maƙwabci ya riƙa tsoron maƙwabci. Ku tambayi tsofaffinku, in sun yarda su faɗa.

Sai dab da babban taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka dawo. Tsohon kukan ma ya dawo, har cikin kamfe. A zaɓen 1993 jam'iyyu da dama suka haɗa kai don kada MNSD. Ɗan takararta, Tanja Mamadu, mutumin Maine-Sorowa ne, can gabas ƙurya, amma aka ce jam'iyyarsa ta tsofaffin masu mulki ce. Mahaman Usman na Damagaram ya ci. Ya naɗa Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, firaminista. Aka yi murna ƙwarai, aka ce yau namu sun hau.

Murnar ba ta daɗe ba. Harshensu ɗaya, amma rabon iko ya raba su. Cikin Satumba 1994 Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD. Gwamnati ta cije, shugaba da sabon firaminista ba su ga maciji. Ranar 27 ga Janairu 1996 soja suka karɓe mulki. Wanda ya jagorance su, Ibrahim Bare Mainasara, shi ma Hausa ce harshensa, Ba'are ne na ƙasar Dogon Dutsi.