Ken Saro-Wiwa: Daga Barkwancin Talabijin Zuwa Littattafan Yara

Idan aka ambaci Ken Saro-Wiwa a Arewa, abin da ke fara zuwa wa mutane shi ne rikicin man fetur na ƙasar Ogoni da kuma rataye shi da aka yi a zamanin Janar Sani Abacha. Kaɗan ne suke tuna cewa kafin wannan, shi ne mutumin da ya fi kowa sa 'yan Nijeriya dariya a talabijin. Waɗanda suka san cewa ya kwashe wannan dariyar ya zuba ta cikin ƙananan littattafai don yara kuwa sun fi ƙaranci, kuma wannan ɓangaren na rayuwarsa ne ya fi shafar mu.

An haife shi a garin Bori a 1941. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, makarantar da ta yaye Chinua Achebe, sannan ya karanta Turanci a Jami'ar Ibadan. Lokacin yaƙin basasa ya tsaya a ɓangaren gwamnatin tarayya, aka ba shi riƙon garin Bonny, daga baya ya zama kwamishina a Jihar Ribas har aka sauke shi a 1973. A wannan shekarar ce littattafansa biyu na yara suka fito, Tambari da Tambari in Dukana. Daga nan ya jingine alƙalami ya rungumi kasuwanci na kusan shekara goma, yana sayar da kayan masarufi yana sayen gidaje.

Kuɗin kasuwar ne suka dawo da shi rubutu. Yana da wani tsohon wasa mai suna The Transistor Radio wanda BBC ta watsa a 1972, labarin wasu marasa aikin yi a Legas da ke neman na tuwo ta hanyar damfara. Ya ɗauko shi ya faɗaɗa, ya zama Basi and Company, wanda NTA ta fara nunawa a 1985. Shi ne marubuci, shi ne mai shiryawa. Wasan ya kai 1990, an yi kashi kusan 150, kuma an ƙiyasta masu kallonsa sun kai miliyan 30.

Basi, wanda ake kira Mista B, mutum ne mai ɗaki ɗaya a titin Adetola, bashin haya ya yi masa katutu, amma kullum lissafin miliyoyi yake yi. Yana da yaro, Alali, wanda yunwa ba ta sakinsa. Ga Madam mai gidan haya, ita ma idonta na kan banza, ga Dandy mai mashaya, ga Josco, ga Segi. Kowane mako sai an ƙulla wata dabarar yin arziki dare ɗaya, kowane mako kuma sai ta wargaje a kan wanda ya ƙulla ta. Albert Egbe ne ya fara fitowa a matsayin Basi, daga baya Zulu Adigwe ya gaje shi. Lokacin ya dace da wasan: arzikin mai ya ja baya, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, Naira ta karye, 'yan damfara sun cika gari. Mutane na dariya ne saboda kowa ya san wani Basi a unguwarsu.

Saro-Wiwa bai ɓoye inda ya samo Basi ba. Daga kunkurun tatsuniyoyin mutanensa ya ciro shi, mai wayon da wayonsa ke cinye shi. Yaron Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, a lokacin duk suna cikin Jihar Sakkwato, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan hali. A ƙauyuka irin su Ruwan Gizo, inda talabijin ta yi wuya a waɗancan shekaru, ya riga ya ji shi da dare a bakin kakarsa: Gizo ne, mai kwaɗayi, mai ƙarya, wanda Ƙoƙi ke fama da shi. Basi ya bar gona ne kawai ya koma birni yana gudun mai gidan haya.

Shi ya sa komawarsa ga yara ba ta zo da mamaki ba. Ya riga ya kafa kamfanin ɗab'insa, Saros International, don kada ya jira kowa. A 1987 ya fitar da Mr B, sai Mr B Again da Mr B Goes to Lagos, sai Segi Finds the Radio da A Shipload of Rice da Mr B Is Dead. Ƙananan littattafai ne masu sauƙin Turanci. Tun a talabijin ma ya ƙi yarda 'yan wasansa su yi burokan, duk da cewa shi ne ya rubuta Sozaboy da karyayyen Turanci, domin yana so ɗan makarantar da ke kallo ya ƙaru. Tsohon kwamishinan ilimi ne, ya san yaron da ya riga ya ƙaunaci Basi a allo ba sai an matsa masa ya buɗe littafin Basi ba. A ganina wannan dabara ta fi duk wani yekuwar koyon karatu amfani.

A nan ne abin ke yi mini ciwo. A waɗannan shekarun muna da namu gwanayen: Usman Baba Pategi a Samanja, Ƙasimu Yero a Ƙarambana, Umaru Ɗanjuma Katsina wanda aka fi sani da Kasagi. Ba wanda zai ce Basi ya fi Samanja ban dariya. Amma yawancin wasanninmu na Hausa ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. 'Yan wasa kan zauna su daidaita zaren labari, sauran kowa ya cike da hikimar bakinsa a gaban kyamara. Wannan ya ba wasannin armashi, ya kuma hana su zama a takarda. Kasagi ya nuna abin zai yiwu da ya wallafa Kulɓa Na Ɓarna a 1979, littafin da ɗalibai suka daɗe suna karantawa. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam kuwa ta bi hanyar ne a juye, daga littafi zuwa talabijin. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan firamare tun farkon shekarun 1970. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ɗauki Samanja da kuratansa ya mayar da su ɗan littafi mai zane. Yanzu Ƙasimu Yero ya rasu tun 2017, Pategi a 2023.

Daga 1990 hankalin Saro-Wiwa ya koma kan MOSOP, ƙungiyar kare haƙƙin mutanensa, da gurɓatar ƙasar Ogoni. Manoman da madatsar ruwan Bakolori ta raba da gonakinsu, waɗanda 'yan sanda suka buɗe wa wuta a 1980, sun san irin wannan kuka. An kama shi a 1994 bayan kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu, wata kotu ta musamman da duniya ta yi tir da shari'arta ta yanke masa hukuncin kisa. Ranar 10 ga Nuwamba, 1995 aka rataye shi a Fatakwal tare da mutum takwas, yana da shekara 54. An dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashen renon Ingila saboda haka.

Tun daga nan manyan littattafansa irin su Sozaboy da A Month and a Day suka samu masu sake bugawa a Turai, jami'o'i na nazarinsu. Jerin Mr B, da yake shi da kansa ne ke bugawa yana rarrabawa, bai samu wannan gata ba, kuma yau da wuya ka same shi a shagon littattafai.