Me ya sa rediyon kakanninmu sai ya yi zafi kafin ya yi magana?

1/ Mutanen Makarfi, Ikara da Kudan, ku matso kusa. Ranar kasuwa lasifika ce ke tashi ta ko'ina: mai magani, mai wa'azi, mai cigiya. Ƙarfin muryar nan daga amfilifaya yake fitowa. Yau tarihinta za mu bi, tun zamanin da kwalabe ne a cikinta. 🧵

2/ Kwalbar nan sunanta bawul. Kamar ƙwan fitila take, gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa tas. A 1904 wani Baturen Ingila, John Ambrose Fleming, ya ƙera ta farko. Tasa tana barin wuta ta bi hanya ɗaya ne kawai, ba ta ƙara ƙarfin komai.

3/ A 1906 Lee de Forest na Amurka ya saka 'yar ragar waya tsakanin sashen da ke yin zafi da farantin da ke karɓar wuta. Wannan 'yar ragar ita ce sirrin. Ƙaramar wuta a jikinta tana juya babbar wutar da ke ratsa kwalbar.

4/ Ɗan Kudan da ya taɓa ban ruwan rake ya riga ya san wannan. Ruwa na tafe da ƙarfi a hanyarsa, kai kuma da 'yar fartanya kana buɗe bakin fangali kana toshewa. Ba kai ka kawo ruwan ba, amma kai ke juya shi. To haka ragar take yi wa wuta.

5/ Sai dai kwalba ba ta aiki sai cikinta ya yi ja kamar garwashi. Shi ya sa in an kunna rediyon da sai a ji shiru na ɗan lokaci kafin murya ta taso a hankali. Tsofaffi kan ce "bari ya yi zafi". Gaskiya suka faɗa, ba camfi ba ne.

6/ Kuma kwalba akwai ci. Ɗauki EL84, wadda ta shahara a rediyoyin shekarun 1950: ɗumama ta kaɗai na cin kusan wat 5, sannan farantinta na son bolt 250 zuwa 300. Ku riƙe wannan, domin shi ya raba wanda ya ji rediyo da wuri da wanda bai ji ba a Arewa.

7/ Da yake rediyo na da tsada ga shi da cin wuta, sai Turawan mulki suka ɓullo da wata dabara: rediyon waya. Babbar na'ura mai kwalabe na zaune a tasha guda, ana ja waya zuwa akwatunan lasifika a gidaje, mai gida na biyan haya. An fara a Legas a 1935.

8/ Kano ta samu tata tashar a 1944, aka kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a, har da ƙofar gidan Sarki. Kafin 1950 Zariya da Kaduna ma sun samu. Akwatin nan ba a murɗa shi a canja tasha fa. Abin da aka turo shi za ka ji.

9/ To waya iyakarta birni. Makarfi, Ikara da Hunkuyi ba su da wani nisa da Zariya, amma mutumin ƙauye in yana son jin akwatin nan mai magana sai ya shiga birni. In ya dawo, shi ne rediyon unguwarsu a dandali.

10/ An gwada mai batir. A 1949 kamfanin Ever Ready ya fitar da wani ɗan rediyo mai kwalba 4 don ƙasar da yau ake kira Zambiya, jikinsa kamar tukunyar miya, kuɗinsa fam 5. Batirinsa ƙato ne mai bolt 90, in ya ƙare sai an sake kashe kuɗi masu kauri.

11/ Abin da ya warware matsalar ya fito ne daga ɗakin binciken Bell a Amurka, a Disamban 1947: taransista. Ba gilashi, ba jiran zafi, 'yan batura ƙanana sun ishe ta. A 1954 rediyon aljihu na farko mai taransista, Regency TR-1, ya shiga kasuwa.

12/ Ku duba yadda abubuwa suka zo a jere. 13 ga Maris 1957 BBC ta fara watsa shiri da Hausa. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A cikin shekarun 1960 kuma rediyo mai taransista ya yi ta araha yana shiga ƙauyuka.

13/ Daga nan manomi ya tafi gona da rediyo, Bafulatani ya rataya nasa a kafaɗa yana bin shanu. Shata da Ɗankwairo suka shiga zaurukan da ba su taɓa takawa ba, ga Zaɓi Sonka ana ta gaishe-gaishe. Labarin duniya ya daina jiran mai dawowa daga birni.

14/ Kada ku ce kwalba ta mutu. Manyan na'urorin watsa shiri na gajeren zango da yawa har yau da ita suke aiki. Masu kaɗa jita kuma na son sautinta, shi ya sa ake ci gaba da ƙera ta a Rasha, Sin da Silobakiya.

15/ Wani abin burgewa: tun asali amfilifaya mai kwalba aikin hannu ce. A 1947 D.T.N. Williamson ya buga zanen tasa mai wat 15 a mujallar Wireless World, mutane suka riƙa haɗawa a ɗakunansu. A 1954 Mullard ya fitar da zanen 5-10: kwalba 5, wat 10.

16/ Mafi sauƙin haɗawa kwalba biyu ce. ECC83 ta karɓi siririn sauti ta ɗaga shi, EL84 ta ba shi ƙarfi, a samu wat 4 zuwa 5. Da lasifika mai kyau, wannan ya cika ɗaki har maƙwabta su san ka kunna.

17/ Sai taransifoma biyu. Ɗaya na ba da bolt 6.3 na ɗumi da kuma babbar wutar faranti. Ɗaya na tsakanin kwalba da lasifika, domin EL84 na son kaya mai kusan om 5,000, lasifika kuwa om 8 ce. Ingancin sauti ya rataya sosai a kan naɗin wannan ta biyun.

18/ Gargaɗi, don Allah ku ɗauke shi da gaske. Bolt 300 na kisa. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ba abin da yaro zai koya shi kaɗai a YouTube ba ne. A zauna gaban mai gyaran da ya san aikin, a auna da mita kafin hannu ya taɓa komai.

19/ Ga inda abin ya shafe mu. Tsohon mai gyaran rediyo na bin waya ɗaya bayan ɗaya da mita da dalma har ya kamo mai laifi. Yanzu kaya na lalacewa sai a cire allon gaba ɗaya a sa sabo, ko a miƙa wa 'yan gwangwan. Sanin dalilin lalacewar na tafiya tare da tsofaffi.

20/ Amfilifaya mai kwalba kuwa kayan cikinta ba su da yawa, kowanne ido na ganinsa. Wanda ya haɗa guda ya gane ta, ya samu tushen da zai fahimci inbata, caja da kayan sola, abubuwan da garuruwanmu ke nema ruwa a jallo yau.

21/ Aikin gida: ku tambayi kaka ko baffa, wa ya fara kawo rediyo garinku, a zauren wa ake taruwa a ji labaru? In akwai tsohon akwati a ɗaki, kar a sa shi a wuta, kar a sayar a kilo. Ku ɗauko hoto ku ajiye mana a ƙasa, tare da sunan gari. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya.